Gargaɗi Kan Wani Mai Gyaran Monitar Arked

Kuɗin kafasito 22 na biya, wato ƙananan kayan lantarki masu riƙe caji a cikin monita, guda 3 mai gyaran ya canza. Tun jiya nake maimaita wannan lissafi, kuma har yanzu zuciyata ba ta daina tafasa ba.

Monitar tsohon akwatin wasan bidiyona na arked ce, Wells-Gardner K7000, wadda hotonta ya fara naɗewa daga sama yana rawa, alamar cewa ruwan cikin kafasito ya bushe saboda shekaru da zafi. Kada kowa ya ce sakaci na yi, domin na san tub ɗin, wato kwalbar gilashin da ke nuna hoto, yana riƙe caji mai haɗari ko bayan an cire wuta, shi ya sa na nemi wanda ya ce sana'arsa ce. A gabana ya maƙala waya a jikin ƙarfen monitar, ya zura sukudireba ƙarƙashin robar anod, inda babbar wayar wuta ke shiga tub, ya sauke cajin, sannan ya ɗago kai ya ce, "Ranka ya daɗe, duka 22 zan canza, masu jure zafin digiri 105." Wannan ɗago kai nake ta gani. Wa zai yi zargin mutumin da ya san sauke caji?

Bayan kwana tara hoton ya sake naɗewa. Kafin wannan ma, tun ranar da na je karɓa, ya miƙo mini leda cike da tsofaffin kafasito wai su ya cire, har na yi masa godiya, alhali na riga na biya rabi tun farko, na cika sauran a ranar. Da muka juya allon da kafasito ɗin ke manne a kai ni da wani abokina, dalma mai sheƙi a gurbi 3 kawai muka samu, sauran 19 tsohuwar dalma ce da ta dushe, goge musu ƙura kawai ya yi. Cikin ukun ma biyu na digiri 85 ne. Na ledar kuwa ba daga monitata suka fito ba, tunda nawa suna nan daram. Kuɗin 22, aikin 3.

Yanzu ya toshe lambata. Hotunan hirarmu da na bayan allon suna hannuna, zan saka su da daddare.

Ku ɗauki hoton allonku kafin ku bayar, ku duba dalma kafin ku cika kuɗi.