Zuwa ga Yaya, a kan ciwon auta da asibitin Ingila

Yaya, assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ki gaida mini Inna, ki ce mata man zafin ƙafarta yana hanya.

Saƙon muryar da kika turo mini daren Laraba ya hana ni barci. Kin ce ɗan amaryar Kawu wata biyu ke nan cikinsa a kumbure, an yi maganin saifa, an yi na tsutsar ciki, har wanzami ya yi masa tsaga, yanzu kuma an koma kan uwar. Wasu sun ce ƙanƙara da lemon kwalbar da ta yi ta sha da cikinsa ne, wasu sun ce bakin mutane, Goggo kuma ta ce auren zumunci ne. Kumburin cikin yaro dalilansa da yawa, sai an auna ake ganewa. Amma kin san abin da ya same mu da auta, kuma ban taɓa zama na ba ki labarin yadda ya kamata ba.

Yana da wata 16, ina yi masa wanka, hannuna ya ji wani abu mai tauri a gefen cikinsa na hagu, ƙasan haƙarƙari. A Kano da na ɗauki mayafi na tari adaidaita, kafin la'asar an yi masa hoto, in dai da kuɗi a jaka. A nan kuɗinki ba ya buɗe miki ƙofa. Sai ƙarfe 8 na safe ki buga waya asibitin unguwa, ki yi ta riƙe da wayar a layi, wata rana ki samu ganin likita, wata rana a ce gurbi ya cika. Zuwanmu na farko aka ce taurin bayan gida ne, aka ba mu maganin ruwa. Kemis ɗinsu kuwa ba irin namu ba ne da za ki faɗi ciwo a haɗa miki. Galibi ba sa ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta sai da takardar likita, ko farasitamol a kanti fakiti biyu kawai za a bar ki ki ɗauka. Mako uku na yi ina kai da kawowa, raina a ɓace, kafin a tura mu hoton ciki.

Daga ranar da suka ga ƙarin nan a hoto kuwa, sai ka ce an canza ƙasa. Cikin kwanaki aka yi komai. Wata nas ta saka dunƙulen auduga a cikin famfas ɗinsa, da ya yi fitsari ta zuƙe shi da sirinji ta kai awo. Ashe ciwon yana zubar da wasu sinadarai biyu a fitsari, HVA da VMA, kuma ana samun su da yawa a wajen tara cikin goma na yaran da ke da shi. Aka yi wani hoton na jiki gaba ɗaya da suke kira MIBG, aka ɗebi ɓargo, aka gutsuri ƙarin kansa. Sunan ciwon niyurobilastoma, sankarar ƙwayoyin jijiya ta ƙananan yara.

Yaya, tambayar farko da ta fito daga bakina ita ce, me na yi masa? Likitar ta jawo kujera kusa da ni, ta ɗauki takarda ta zana ƙoda, ta ɗora mata wata 'yar hula a kai. Ta ce hular nan ita ce adirenal, kuma nan ne ciwon ya fi tsirowa, ko da yake yakan fito a ƙirji, ko wuya, ko gefen ƙashin baya. Tun yaro yana cikin uwarsa akwai ƙwayoyin halitta da ba su nuna ba, waɗanda za su zama jijiyoyin da ke tafiyar da bugun zuciya da motsin hanji da gumi. Yawancinsu suna nuna su kama aikinsu. A wasu yaran kaɗan sai a samu tangarɗa a cikin ƙwayar, ta ƙi nuna, ta yi ta hayayyafa har ta zama ƙari. Shi ya sa ciwo ne na 'yan ƙanana: kusan tara cikin goma ana gano su kafin shekara 5, bayan shekara 10 kuwa da wuya a gan shi. Maza sun ɗan fi mata kaɗan. A duk Birtaniya yara wajen 100 ne ke kamuwa a shekara.

Ta ce mini masu bincike sun daɗe suna bin diddigin abincin mai ciki, da magungunan da ta sha, da taba, da irin aikin da iyaye ke yi, amma ba a tabbatar da ko ɗaya a matsayin sanadi ba. Ba a ɗauka daga wani, ba kuma allurar riga-kafi ke kawo shi ba. Ya bambanta da sankarar nan ta Burkitt mai kumbura muƙamuƙin yara a ƙasashenmu, wadda aka san tana da alaƙa da zazzaɓin cizon sauro da wata ƙwayar cuta. Wallahi da na ji haka sai na fashe da kuka, don kwana da kwanaki ina lissafa duk abin da na ci tun ranar da na samu cikinsa.

Maganar Goggo ta auren zumunci ita ma na yi tambaya a kanta, tunda ni da baban su 'yan wa da ƙani ne. Na gado akwai shi, amma ɗaya ne zuwa biyu cikin ɗari. Yana biyowa ta wata ƙwayar gado mai suna ALK, wadda aka gano alaƙarta da ciwon a 2008, ko wata mai suna PHOX2B, ita kuma takan zo tare da ciwon toshewar hanji na haihuwa ko matsalar numfashi a barci. Kuma ba kamar sikila ba ne, da sai uwa da uba duka suna ɗauke da ita. Wannan ta ɓangare ɗaya kawai take sauka, ko an auri bare ko an auri na gida. A dangin da ke da ita ciwon yakan fito da wuri, wani lokaci a wuri fiye da ɗaya. Sun tambaye mu tarihin dangi har kakanni, suka ɗebi jinin auta, sakamako ya nuna nasa ba na gado ba ne, don haka ba a auna yayyensa ba.

Abin da ya fi tayar musu da hankali shi ne wata ƙwayar mai suna MYCN, da kan ninka kanta a cikin ƙarin a wajen yaro ɗaya cikin biyar, ta sa ciwon ya yi zafi. Allah ya taimake mu, ba ta ninka kanta a nasa ba, ga shi bai kai wata 18 ba, wanda shi ma sauƙi ne a lissafinsu. Aka yi masa kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara, aka yi tiyata. Na tambaya me ya hana a auna fitsarin kowane jariri tun da wuri. Aka ce Japan ta yi haka shekaru masu yawa ta daina a 2004, don awon yana ta kamo irin wanda ke ɓacewa da kansa a jarirai, bai rage mutuwa daga mai tsananin ba.

Batun kuɗi kuma, ko sisi ba a karɓa daga hannunmu a asibiti ba, daga hoto har tiyata. Sai dai kada a ɗauka kyauta ce zalla. Wajen neman biza ake biyan kuɗin lafiya tun kafin a shigo, yanzu fam 1,035 ne a shekara kan babba, fam 776 kan yaro, ga haraji ana yanka a albashi duk wata. Kuɗin ajiye mota a asibiti da na ɗumama gida lokacin sanyi sun ci mu sosai. Abin da babu shi a nan ko da kuɗi shi ne mutane. Na kwana a gefen gadonsa ina tuna yadda a gida za a cika ɗaki da 'yan dubiya, wannan da fulas ɗin kunu, waccan da kwanon tuwo. Ni ina zaune da biredi mai sanyi, geron da zan dama masa kunu ma sai na hau bas zuwa shagon 'yan Afirka, ƙulli ɗan mitsitsi da tsada.

A yankin da muke kowa ya san sunan ciwon nan saboda Bradley Lowery, yaron nan mai son ƙungiyar Sunderland da ya shaƙu da ɗan wasa Jermain Defoe, ya rasu a Yulin 2017 yana da shekara 6. Maigidanki mai kallon ƙwallo zai tuna shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu arziki sama da 80 cikin 100 na yara masu sankara suna warkewa, a ƙasashe irin namu da yawa kuwa ba su kai 30 ba, kuma zuwa asibiti a makare yana cikin manyan dalilai.

Don Allah Yaya, ki je da kanki ki samu Kawu. A dakatar da tsaga, a kai yaron sashen yara na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a yi masa hoton ciki. Ku faɗa wa likita in yana kukan ciwon ƙashi, ko yana ramewa, ko kewayen idonsa ya yi baƙi kamar an buge shi. Na tura kuɗin mota da na hoto ta asusun maigidanki. Ki karanta wa amaryar wasiƙar nan a gaban Goggo, ki kuma ba ta lambata ta kira ni ko da tsakar dare ne. Auta yana nan yana guje-guje, wata mai zuwa za mu koma a sake duba shi.