Sharhi kan injin wanki mai busarwa bayan na gwada shi da manyan barguna

Na sayi wannan injin ne musamman saboda barguna masu cushe, irin waɗanda ake ɗinke auduga ko gashin tsuntsu a tsakanin yadi biyu, domin wanke su da hannu aiki ne da ke cinye yini guda, kuma matse su ya fi wankin kansa wahala. Injin mai ƙofa ta gaba ne, an rubuta a jikinsa cewa yana wanke kilo 9 kuma yana busar da kilo 6. Bayan wata takwas ina amfani da shi, hukuncina ya rabu gida biyu.

Ta fuskar wanki ba ni da ƙorafi. Tun da babu sandar da ke juya kaya a tsakiyar gangarsa, bargo ba ya nannaɗewa har ɗinkinsa ya farke. Ina wanke bargon gashin tsuntsu a digiri 30 da sabulun ruwa kaɗan, in ƙara ɗauraya ɗaya, saboda garin sabulu yakan maƙale a cikin cushen ya bar farin tabo. Wanda cushensa na zaren roba ne kuwa, ina kai shi digiri 60 idan ɗan ƙyallen da ke ɗinke a gefensa ya amince da hakan, domin wannan zafin ne ke kashe ƙananan ƙwarin ƙura da ke tayar wa masu asma da ciwo.

Abin da ya fara ruɗa ni shi ne kilon da aka rubuta. Wannan adadi nauyin busassun kaya ne, alhali matsalar bargo girma ce ba nauyi ba. Babban bargona bai kai kilo 4 ba, amma ya cika gangar maƙil, har ruwa ya kasa ratsa tsakiyarsa, kuma da lokacin matsewa ya yi sai injin ya yi ta tsayawa saboda nauyin ya taru a gefe guda. Tun daga ranar nake barin sarari kamar tafin hannu a saman gangar, wanda bai shiga cikin sauƙi ba kuwa ba na tilasta masa.

A wajen busarwa ne injin ya gaza abin da na sa rai, kuma nan ne ya fi damuna, domin shi ne dalilin da ya sa na zaɓe shi a kan wanda wanki kawai yake yi. Iska mai ɗumi tana bukatar fili ta zagaya, ganga ɗaya kuwa da ta isa wanki ba ta isa busar da bargon da ya kumbura ba. Karon farko na fitar da shi bayan awa uku, na taɓa na ji ya bushe, na ninke na ajiye. Kwana huɗu bayan haka warin danshi ya tashi, da na lalubo kusurwoyinsa sai na tarar cushen ya dunƙule curi-curi, cikinsa a jiƙe. Da na ƙara jinkiri, da fumfuna ta lalata shi, kuma bargo ne da nake ji da shi.

Yanzu ina saka ƙwallon tanis guda uku masu tsabta tare da bargon, su riƙa bugunsa suna warware dunƙulen, in rage zafin don kada gashin ya ƙone ko zaren roba ya narke, sannan in dakatar da injin duk bayan minti 30 in fito da shi in kaɗe. Ƙarar ƙwallayen tana da yawa, amma tana da amfani. Duk da haka ba na yarda da shi sai na baza bargon a kan igiya biyu inda iska ke ratsawa na tsawon yini, ina juya shi, sa'an nan in bari ya huce in matsa tsakiyarsa da hannu, domin ɗumi yana ɓoye danshi.

Ga mai ƙananan barguna na mutum ɗaya, wannan injin zai wadatar da shi. Mai manyan barguna masu kauri kuwa, shawarata ita ce ya nemi injin wanki mai faɗin ganga, ya sayi na busarwa daban idan yana da wurin ajiye shi.