Turin fim a memori: abin da na gani bayan mun bi shiri mai dogon zango a Garwa

A gefen babbar kasuwar Garwa, a arewacin Kamaru, akwai samari masu ɗan tebur da kwamfuta, sana'arsu turi. Ki miƙa memori ko filas, ki faɗi shirin da kike so, su loda miki, ki biya ki tafi. Wajen ɗayansu na koma tun farkon bazara, kuma aikin nasa zan yi wa sharhi.

Wuta ce ta kora ni can. Yawancin lantarkin arewacin Kamaru daga madatsar Lagdo yake zuwa, wadda aka gama a 1982 a kan kogin Binuwai, kuma in ruwa ya ja baya a watannin Maris da Afrilu sai a shiga rabon wuta unguwa-unguwa. Agogonmu ɗaya da na Kano, saboda haka sau da yawa lokacin da Arewa24 ke sa shiri shi ne lokacin da muke zaune cikin duhu muna fifita. YouTube kuwa data yake sha ba tausayi. Mai turi ya raba ni da wannan duka: sefa 500 ya loda min zango guda, har yana tambaya ko a waya zan kalla ko a talabijin, don ya san girman da zai sa. Yana da na Indiya masu fassarar Hausa, da na Latin Amurka cikin Faransanci, waɗanda ƙanwar maigidana ke mutuwar so. Ta fuskar kuɗi da sauƙi ba ni da ƙorafi.

Inda na fi jin daɗinsa shi ne wajen musu. A shagon ɗinkinmu ba a kallon shiri a yi shiru. Wanda muka bi, ba sai na faɗi sunansa ba, akwai uwargida da ta ɓoye takardar gida kwana biyu da rasuwar mijinta. Goggo ta yanke hukunci nan take: "Kishi ne, 'yar nan. So take amarya ta fita da ƙullin kayanta kawai." Adda ta ƙi. Ta ajiye almakashi ta kawo lissafin gado: in mamaci ya bar 'ya'ya, tumunin takaba kawai matan ke samu, ɗaya bisa takwas, su biyun kuma raba shi za su yi. To me uwargida za ta ƙaru da shi in ta cuci amarya? Kaso mafi tsoka na marayu ne, kuma mai zagaye gidan tun kafin a share makoki ƙanin mamaci ne. A ganin Adda, shi matar ke ɓoye wa takardar.

Da a talabijin ne, da haka za a tashi kowa na kan bakansa, don abin da ya wuce ya wuce. Da memori sai muka mayar da shi baya. Ga ƙanin miji a zaure yana raɗa da dillali, ga uwargida ta ɗaga labule kaɗan ta saki. Abin bai kai ƙiftawar ido uku ba, kuma a kallon farko ba wadda ta lura. Goggo ta gyara zaman tabarau ta ce a sake, aka sake. Ba ta sauka daga maganarta ba, amma ta rage: wai akwai tsoron ƙanin miji, akwai kishi, mace tana iya ɗaukar duka biyun a zuciya ɗaya. Ni dai a nan na tsaya tare da ita, don marubucin da ya san aikinsa ba ya ba wa mutum dalili guda tilo.

Mayar da baya kuma yana tona asirin marubuta. Yarinyar da a zango na ɗaya ta rantse ita kaɗai iyayenta suka haifa, a na uku sai ga yayanta ya sauka daga Legas. Mai jiran mako-mako ya manta. Mai memori bai manta ba.

Yanzu ga aibin. Mai turin nan ba ya duba abin da yake lodawa. A zango na biyu an tsallake kashi guda, lambobin kuma a jere suke kamar ba abin da ya ɓace, don ya sake musu suna da hannunsa. A kashin da ya ɓace ne aka nuna amarya ta je asibiti an gaya mata tana da juna biyu. Mu kuwa muka gan ta kwatsam ta daina maganar barin gida ta kafa ƙafa, sai shago ya ɗauka kwaɗayin dukiya ne, aka yi ta tsine mata har yamma, alhali gadon ɗan cikinta take karewa. Wata maƙwabciya da ta kalla a YouTube ce ta fahimtar da mu. Da na koma ya loda min kyauta, amma ko sannu bai ce ba. Wasu kashin kuma tallan maganin gargajiya ya rufe ƙasan hoton, wani sautin ya riga bakin mai magana.

Sai matsalar yara masu koyon ɗinki. In waya ta kwana a hannunsu, kafin asuba sun cinye zangon, da safe su shigo da "Goggo, ai alhajin nan mutuwa zai yi." Hasashe shi ne rabin daɗin shirin, sun kashe shi. Dole muka kafa doka: memori a aljihun keken ɗinki yake kwana, kashi biyu a rana, bayan la'asar.

Abu ɗaya yana ci mini rai. Masu shirya waɗannan fina-finai a Kano, musamman tun 2020 da suka raja'a kan YouTube, da yawan masu kallo da talla suke mayar da kuɗinsu. Kallon memori ba ya shiga lissafin kowa, sefa 500 ɗina a tebur ɗin kasuwa ta tsaya. Shi ya sa shirin da ake kan yi yanzu nake daurewa in sayi data in kalla a tasharsu, tsofaffin zango da suka wuce ni kawai nake kaiwa turi. Wadda za ta je wajen mai turi, kada ta biya sai ta sa ya buɗe ƙarshen kowane kashi da farkon na gaba a gabanta, ta ga labarin ya haɗu. Kuma ta tafi da memori dabam, ba wanda hotunan bikinta ke ciki ba.