Sanda, woka ko keke? Kafin ka sayi wa mai shanyewar ɓarin jiki kayan tafiya

Jama'a duk wanda Allah ya jarrabi gidansu da shanyewar ɓarin jiki, don Allah kar a ruga kasuwa tukuna. Mu ranar da aka sallamo Baba ko gida ba mu kai ba yayana ya biya ta kasuwar Terminus ta Jos ya ɗauko keken guragu sabo dal mai tsadan gaske, wai kar a ce 'ya'yan Alhaji sun gaza. Yau keken nan yana zaure, buhun dankali ne a kansa.

Shi Baba ɓarin dama ne ya shanye, wato abin a ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa ya same shi, shi ya sa har maganarsa ta ɗan sarƙe, kuma hawan jini ne ya jawo, ya ji sauƙi ya ajiye magani kaman yadda dattawanmu suka saba. Abin da likitar gashin ƙashi, wato fisiyo, ta fara gaya mana shi ne ƙafar nan lafiyarta ƙalau, saƙo ne daga sama ba ya isowa, sai an yi ta maimaita motsi iri ɗaya ba adadi kafin ƙwaƙwalwa ta buɗe wata hanyar, kuma yawancin sauƙin da ake samu a wata 3 zuwa 6 na farko ne, bayan nan ma ana samu amma a hankali. To ka ga in kuɗinka ba su da yawa, gashin za ka fara zuba wa, ba ƙarafa ba.

A ina za a yi gashin? Manyan asibitoci irin su JUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Jos can Lamingo, suna da sashen fisiyo, kuma na gwamnati shi ya fi sauƙin kuɗi, ga kayan aiki, akwai ƙarafan nan biyu dogaye da mutum zai riƙe yana takawa a tsakani, da babban madubi da zai riƙa ganin yadda ya karkace. Sai dai ka lissafa da kuɗin mota, don ɗaukar mutumin da ba ya iya tsayuwa daga cikin gari sau biyu ko uku a sati ba wasa ba ne, wani lokaci shatar napep ta fi kuɗin katin. Na kuɗi kuma ba layi, amma a buɗe ido. Mun je wani waje, ba sai na kama suna ba, kullum sai su kwantar da Baba su kunna masa jan fitila su manna masa wayoyin lantarki na rabin awa shi ke nan a ce a dawo jibi, sati biyu ko sau ɗaya ba su tsayar da shi ba. Injin yana da nasa amfanin amma ba a koyon tafiya a kwance.

Wadda ta fi mana amfani a farko gaskiya likitar fisiyo mai zuwa gida ce. Ta fi tsada a kowane zuwa, amma ita ta ga dakalin ƙofar ɗakin Baba, ta ga banɗakinmu na tsuguno ne, ta ga dardumar da yatsunsa ke sarƙewa a ciki ta ce a naɗe ta yau yau. Ka dai nemi ganin lasin, akwai hukumar MRTB da ke yi musu rajista a Najeriya, don masu tausa da yawa yanzu sun sayi farar riga sun zama "fisiyo". Sannan ko wa ka ɗauka, ka sa ya koya wa mutum ɗaya a gidan atisayen, saboda awa ɗayan da zai yi ba komai ba ne in sauran yinin mara lafiya na kwance yana kallon silin.

Na gargajiya kuwa kowa zai kawo maka nasa, addu'a dai ba ma wasa da ita, amma gashin ruwan zafi a kiyaye, ɓarin da ya shanye sau da yawa ba ya jin zafi sosai, wani maƙwabcinmu sai da fatar ƙafarsa ta saluɓe bai ce uffan ba. Kuma duk wanda ya ce a daina maganin hawan jini a sallame shi.

Yanzu kayan. Woka, wato ƙarfen nan mai ƙafa huɗu da ake ɗagawa a ajiye gaba, ita mutane suka fi saya don ido na ganinta da ƙarfi, amma hannu biyu take so. Wanda hannunsa ɗaya ba ya damƙa ya zai yi da ita? Sai dai ya ja ta a karkace ya bi ta ya faɗi. Mai taya da birki ma haka, birkin hannu biyu ne, kuma ka yi tunanin gangaren layukanmu na Gangare ko Anguwan Rogo, abu mai taya a hannun wanda ƙafarsa ba ta gama ƙwari ba. In hannu biyun na aiki, ƙafa ce kawai ta yi rauni, to nan woka ta yi.

Sanda mai ƙafa huɗu ita Baba ya fara da ita kuma ita zan ce a duba da farko. Hannu ɗaya take buƙata, tana tsayuwa da kanta in ka sake ta, kuma tana ba mutum ƙarfin zuciya. Akwai mai faffaɗan gindi akwai mai ƙarami, faffaɗan ya fi tsayawa daram amma ya fi nauyi kuma ba ya zama a kan matakala. Ka duba gindin, gefe ɗaya a shafe yake ɗaya kuma ƙafafun sun baje waje, shafaffen shi ke kallon jikin mutum, in aka juya zai riƙa tuntuɓe da ita, don haka ka sayi wadda ake iya juya mariƙin hagu ko dama. Aibinta ɗaya, sai a shimfiɗaɗɗen daɓe. Da mun fito tsakar gida inda duwatsun Jos suka leƙo sai ƙafa uku su taɓa ƙasa ɗaya na lilo.

Sanda zalla ita ce ta ƙarshe kuma ita ta fi araha. Baba ya so ta katako mai ado irin ta masu sarauta, likita ta yi dariya ta ce "Baba a bari sai Sallah, yanzu ta alminiyon za mu ɗauka mai ramuka." Gaskiyarta, don tsayi shi ne komai, in mutum ya tsaya da takalmi ya saki hannu, mariƙin ya zo daidai wuyan hannunsa, yadda in ya riƙe gwiwar hannu za ta ɗan lanƙwasa kaɗan. Kuma a hannu mai lafiya ake riƙewa, a jefa sandar tare da ƙafar da ta shanye sannan mai lafiyar ta biyo.

Abin da ba wanda ya gaya mana a kasuwa shi ne robar nan da suke kira AFO, wadda ake sawa daga bayan ƙwauri zuwa tafin ƙafa. Ƙafar Baba faɗuwa take, yatsu na jan ƙasa, sai ya riƙa wurgo ta ta gefe kaman mai shara. Ranar da aka sa masa robar tafiyar ta canza a take. Akwai ta kanti akwai wadda ake aunawa a yi wa mutum tasa, ta kantin ta fi sauƙi amma in ƙafar ta riga ta sandare ta murɗe ciki gara a auna. Sai an haɗa da safa da kambas wanda ya ɗara nasa girma, kuma kullum a cire a duba fata ko ta yi ja, balle mai ciwon suga. Silifas kam a ɓoye su gaba ɗaya.

Keken fa? Yana da ranarsa, zuwa asibiti ko tafiya mai nisa, amma aro ko na hannu ya wadatar, ka dai gwada birki, ka ga yana naɗewa ya shiga napep, kuma matakin ƙafar na cirewa. Da na san haka da kuɗin keken mun sayi kujerar bahaya tun ranar farko, don tsuguno shi ne abin da ya fi ba mu wuya, a banɗaki ma ya taɓa zamewa. Riƙe shi kuma ba sai an sayi bel ba, rawani muka ɗaura masa a ƙugu muna kamawa ta baya, kuma kar a kuskura a ɗago shi ta hannun da ya shanye, kafaɗar saurin gocewa take.

Lokacin sanyin Disamba da Janairu ƙafar kan ƙara ƙagewa, sai muka mayar da atisaye zuwa hantsi in rana ta fito. Matakala uku ne a ƙofar masallacin layinmu, hawa da ƙafa mai lafiya sauka da mara lafiyar, haka yake ta maimaitawa a bakinsa kaman karatun allo. Robar gindin sandar ce ke saurin cinyewa, ta farko har ƙarfen ya leƙo ya fara santsi a kan tayil ba mu lura ba, yanzu biyu nake saya in ajiye ɗaya a aljihun motar yaya.