Babur mai caji: kuɗin mai ya tafi, amma batir na nan yana jira

Babur ɗina roba-roba ne mai caji, ƙirar China, batirinsa 72V 20Ah, irin na dalma guda shida da ake jerawa a ƙarƙashin kujera. Daga Hotoro nake hawansa zuwa Kantin Kwari, in dawo da yamma. Na saye shi ne bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023, lokacin da kuɗin fetur ya fara cinye ribar shago, har lita ta haura naira 1,000 a 2024.

Lissafin wutar ba wuya. 72 sau 20 ya ba ka 1,440, wato kusan yunit ɗaya da rabi na mitar wuta, tunda kowane 1,000 yunit ɗaya ne. Da asarar da caja ke yi, a ce yunit biyu. Ko a Band A, rukunin da kuɗin wutarsa ya fi tsada, inda yunit ya ɗan haura naira 200, cikon caji ɗaya bai kai naira 500 ba. Babu juyen baƙin mai, babu fulogi, babu wankin kabureta, babu sarƙar da za a ɗaure, domin injin yana cikin tayar baya ne. Abin da ya rage birki da taya. A nan kam na gode Allah, kuɗin da nake kaiwa gidan mai yanzu cefane yake tafiya.

Nisan tafiya ne inda ya kamata mai saye ya buɗe kunne. Kilomita da ake rubutawa a takarda na mutum ɗaya ne marar nauyi, a kan titi mai kyau, a giya ta ɗaya. Da na ɗora dila ɗin atamfa ko na goya yaro, sai in ga allon caji yana sauka da wuri. Hawan gadar Ƙofar Nasarawa ma yana jan wuta sosai, ana ji a jikin babur ɗin. Yana sabo, zuwa da dawowa da ɗan kewaye cikin gari ba ya damuna. Bayan ya shekara, sai na fara tafiya da caja a jaka.

Dalilin a fili yake. Batirin dalma yana ɗaukar cikon caji kamar 300 zuwa 500 ne kafin ƙarfinsa ya ragu sosai, kuma abu biyu ne ke saurin kashe shi: zafi, da barinsa ya ƙare ƙaf. Zafin Kano a watan Afrilu yana haura digiri 40, ga shi mu wutarmu ba ta da lokaci, sai a kwana biyu batir na zaune babu caji. Wannan zaman ya fi tafiyar cutar da shi. Yanzu a inuwa nake ajiye shi, in bari ya huce kafin in jona, kuma ba na jira ya kai ja. In guda ɗaya cikin shidan ya mutu, sauran yake ja ƙasa, shi ya sa masu gyara ke cewa a canza su gaba ɗaya. Kuɗin ba kaɗan ba ne, kuma lokaci guda ake fitar da shi.

Saboda haka kullum nake jefa wani abu a asusu da sunan batir, kamar yadda da nake ware kuɗin mai. Ko da wannan, har yanzu ya fi mini babur ɗin fetur sauƙi nesa ba kusa ba.

Mai hali ya ƙara kuɗi ya ɗauki mai batirin litiyam, musamman LiFePO4, wanda ke kai caji 2,000 ko fiye, ga rashin nauyi, wasu ma ana cire su a shiga da su ɗaki. Sai dai a yi amfani da cajarsa ta asali, kada a bar shi a jone a ɗakin kwana a yi barci. Mai zuwa ƙauye kullum, ko wanda unguwarsu ba wuta kuma ba shi da sola, ban ba shi shawarar saye ba tukuna. Kafin ka biya kuwa, ka sa dila ya rubuta maka garantin batir a rasit, ka kuma tambaye shi nawa ne sabon saiti yau.