Kafin ka kai motar tsere wurin mai alaimen

Duk wanda ya taɓa kai mota Panteka a gyara mata ƙafa ya san tambayar: "Maigida, saitin kamfani za a yi?" In motar kai yara makaranta ce, ka ce e. In ta tsere ce, sai ka san ƙasar da za ta taka tukuna.

Kamba ce kan gaba, wato karkatar saman taya ciki ko waje. Ka tsaya gaban mota: in saman taya ya sunkuya ciki, to a kwana mai kaifi, lokacin da nauyi ya koma gefe guda, tafin tayar waje zai kwanta sosai a kwalta. Saitin kamfani ba ya cika wuce digiri 1. Masu tseren kwalta sukan kai tayoyin gaba digiri 2 zuwa 3. Riƙo kam za ka samu, amma gefen cikin taya zai riga sauran ƙarewa, burki a miƙe kuma ya ɗan rage ci. A jar ƙasa da tsakuwa, irin hanyoyin Kenya da Peugeot 504 ta ci gasar Safari a 1975, shekarar da aka fara haɗa Peugeot a nan Kaduna, ba a bukatar karkatar da yawa. Mai mota ɗaya, gari da fili, ni dai ina ba shi shawarar ya tsaya wajen digiri 1.5 zuwa 2.

Abin da ya fi cin taya kuwa to ne, wato buɗewa ko tsukewar bakin tayoyi. Buɗe gaba milimita 1 ko 2 yana sa mota ta faɗa kwana da sauri, sai dai a hanyar Zariya za ta riƙa yawo a hannunka. Na taɓa shafa tayar da aka buɗe fiye da kima, ƙwayoyinta suna kartar tafin hannu kamar haƙoran zarto, ko wata biyu ba ta yi ba. Baya kada ka yarda a buɗe, a ɗan tsuke.

Kasta, wato jinginar da ƙarfen da tayar gaba ke juyawa a kansa yake yi zuwa baya in ka kalli mota ta gefe, in motar ta yarda, a ƙara. Sitiyari zai yi nauyi, amma zai riƙa dawowa da kansa.

Da kwamfuta za a auna ko da igiya? Gwani da igiya ya fi ragon da ke da kwamfuta, sai dai kwamfuta tana ba ka takarda ka adana. Ko wanne ka zaɓa, a fara canja bushin da tayarod ɗin da suka ci, a daidaita iska, kai kuma ka zauna a kujerar direba yayin da ake awon.