Na'urar da za ta kaɗa, hoto ya yi rawa: wacce za ka saya?

Idan burinka sautin da ka ƙirƙira ya motsa zane a allo ko a majigi, tambayar farko ba daɗin sauti ba ce. Tambayar ita ce: na'urar haɗa sautin, wato synthesizer, tana aika saƙo waje? Tun 1983 yaren da waɗannan na'urori ke magana da shi MIDI ne, kuma manhajar zane irin TouchDesigner da shi take jin abin da hannunka ke yi.

Pocket Operator na kamfanin Teenage Engineering ba shi da MIDI ko kaɗan, abin wasan aljihu ne. Volca Keys, Bass da Beats da Korg ya fitar a 2013 suna karɓar MIDI amma ba sa bayarwa, kunne ne babu baki. Eurorack kuwa, tsarin harhaɗa na'urar sauti guntu-guntu da Dieter Doepfer ya kafa a Jamus, rijiya ce gaba dubu. Kafin ka zuba kuɗi a ciki, gwada VCV Rack, manhajar da ke kwaikwayon tsarin a kwamfuta, kyauta ce.

Ni dai MicroFreak nake so, wanda Arturia na Faransa ya fitar a 2019. Madannansa 25 ba sa lotsawa, farantin taɓawa ne da ke auna yadda yatsa ya kwanta a kansa, don haka danna ɗaya yana iya sauya murya ya kuma faɗaɗa da'ira a allo lokaci guda. Kusan duk maɓallin da ka murɗa yana fitar da lamba daga 0 zuwa 127 ta USB, sai ka ɗaura ta a kan launi ko gudun zane. Wasu daga injinan sautinsa an ɗauko su ne daga Plaits, wani guntun Eurorack na Émilie Gillet, mai kamfanin Mutable Instruments, wadda ta bar zanen ayyukanta a buɗe ga kowa. MicroFreak yana da mafitar CV, wato wutar da ake sarrafa guntayen Eurorack da ita, ko da wata rana ka faɗa waccan rijiyar. Aibinsa? Ba shi da amsa-kuwwa a ciki, sautinsa a bushe yake fitowa.

Yanzu ga inda aka cuce ni. Na taɓa sayen wayar USB zuwa MIDI mai araha, irin marar suna. Ana tsaka da wasa sauti ya maƙale yana kuwwa, hoton ya daskare, na kwana ina zargin manhaja. Da na fasa wayar, babu ɗan abin nan da ke raba wutar na'urori biyu ta hanyar haske, wanda ƙa'idar MIDI ta wajabta. Araha ba ta ado. Haka kuma ƙananan fulogin MIDI iri biyu ne, A da B, kamarsu ɗaya amma ba sa aiki a madadin juna, mai sayarwa kuma ba lallai ya gaya maka ba.

A kayan hannu ma a yi hattara. Tunda Mutable Instruments ya daina ƙera kaya a 2022, kwaikwayonsa ya cika kasuwa. Kwaikwayon ba laifi ba ne, lasisin ya yarda, laifin shi ne a sayar maka da shi da sunan na asali. Nemi hoton bayan guntun ka duba ɗinkin dalma. In ka karɓa za ka jona shi, gefen wayar wuta mai jan layi yana bin inda aka rubuta -12V. Juya shi ɗaya na iya ƙona guntun kafin ka ji ko ƙyas.